Mushe Mahfuzu da Littafin da Ya Tafi Cirani

Allon ƙarfe ne ya hana 'yan kwalejin ƙauyen nan ɓacewa a cirani. Haka rahoton ofis ya tabbatar, kuma rahoton yana da hatimi biyu. An kafa allon shekara goma sha shida da suka wuce a bakin hanyar da ta taso daga Tamaske, an rubuta masa jimla guda da Faransanci mai kyau, wadda ke shaida wa iyaye cewa makomar 'ya'yansu tana cikin aji. Tun daga lokacin, in ji rahoton, tara cikin goma na yaran da ke bin iyayensu biɗa, wato cirani, bayan girbi suna dawowa su zauna jarrabawa, alhali a garuruwan kewaye ko rabi ba sa dawowa. An kai wa garuruwan kewaye irin allon su ma. Har yanzu ana binciken dalilin da ya sa nasu bai kama aiki ba.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, domin manyan da ke cikin labarin suna nan da ransu, kuma suna karatu, aƙalla abin da ya shafe su. Yana kan dutse tsakanin Tamaske da Keita. Sunan da zan faɗa ɗaya ne: Mahfuzu Bakari, malamin Faransanci, wanda kowa ke kira Mushe Mahfuzu kamar yadda ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, a wajenmu. Bana ya yi ritaya bayan shekara talatin da uku yana riƙe da alli.

Na koyar da lissafi shekara huɗu a ajin da ke jikin nasa. Bango ɗaya ne tsakaninmu, bangon kuma bai kai rufi ba, saboda haka abin da zan faɗa ko dai na gan shi da idona, ko na ji shi ta saman bango, ko waɗanda aka yi a gabansu sun ba ni.

Ƙarfe bakwai yana bakin aji. Shi yake share ajinsa, ba don babu masu shara ba, sai don ya ce mai shara shi ne ke fara sanin wanda ya daina zuwa, tunda ƙarƙashin bencinsa ya daina tara ɓawon gyaɗa. Allinsa yana cikin gwangwanin tumatir, guntayen da wasu malamai suka zubar har da su. Ƙarfe goma ya sha hura a wajen tsohuwar da ke zama ƙofar makaranta, ya koma. In yana kiran suna ba ya tsallake wanda ba ya nan. Sai ya kira, ajin ya amsa masa da wurin da mutum yake: wannan Abijan, wancan Agadas, wancan Legas. Ni da ke jin su ta saman bango, a nan na gyara labarin ƙasata.

Kowa a Adar ya san yadda shekara take tafiya. A buɗe makaranta a watan Oktoba aji ya cika, a gama yankan hatsi a duba rumbu, sai motoci su fara cika su ma. Shekarar da nake magana a kanta ruwa ya ɗauke tun hatsi bai fid da kai ba, saboda haka ba maza kaɗai suka tashi ba, gidaje ne suka tashi da tukwanensu. Ajin ƙarshe na kwalejin, wanda Mushe ke koyarwa, masu zana jarrabawar BEPC a watan Yuni, ya fara da yara arba'in da ɗaya. Kafin Disamba ana maganar ashirin za su tafi.

A kabad ɗin direkta, shugaban makarantar, akwai wasu littattafai da baƙi suka ba makarantar kyauta. An buga musu hatimi an kulle, don kada karatu ya tsufar da su. Cikinsu akwai wani ƙaton littafin ƙagaggen labari, tsoho, wanda aka rubuta a wata ƙasa mai nisa aka juya shi zuwa Faransanci. Labarin iyalan manoma ne da fari da matsin zamani suka tayar daga gonakinsu, suka ɗaura kayansu a tsohuwar mota suka tafi neman ƙwadago a gonakin wasu, suka tarar hannuwa sun fi aiki yawa. Mushe ya roƙi direkta ya ba shi aron littafin, ya fara karanta wa ajin babi ɗaya duk ranar Alhamis, yana tsayawa suna fassarawa suna gardama. A mako na biyu na ji wata murya ta saman bango tana tambaya, da gaske ba da wasa ba, ko mutanen ga Adarawa na. Aka yi rabin awa ana musu kan kuskuren da suka yi na tashi gaba ɗaya ba su bar ko mutum guda ya tsare gida ba. Ban taɓa jin ajin ya yi Faransanci mai yawa haka ba, mai kyau da marar kyau.

Sai ranar kasuwar Tamaske ta zo, Mushe ya ɗauki littafin gwamnati mai hatimi ya kai wa Imrana baduku, mai ɗinkin layu da kube, ya ce ya yanke masa bayansa ya raba shi babi-babi. Imrana ya gaya mini ya daɗe yana juya littafin a hannu. Ya ce shekara talatin yana rufe rubutu cikin fata, bai taɓa ganin wanda ya kawo lafiyayyen littafi ya ce a yanka ba. Ya tambayi Mushe ko wani asiri ne. Mushe ya ce kusan haka. Imrana ya ɗinka wa kowane babi bango da takardar buhun siminti, ya yi masa ɗinki biyu, irin wanda yake yi wa abin da za a rataya a jiki a yi doguwar tafiya.

Ga abin da Mushe ya sani, wanda allon ƙarfe bai sani ba. A wajenmu yaro ya bar makaranta ba abin kunya ba ne, talauci ne, kowa ya san shi. Amma a ba mutum amana a gaban jama'a ya tafi da ita bai mayar ba, wannan ana tuna wa jikokinsa. Saboda haka duk yaron da zai tafi, Mushe yakan jira uban a ƙofar masallaci bayan la'asar, lokacin da dattawa ba su watse ba, ya miƙa wa yaron babi ɗaya uban yana kallo, ya ce amana ce. Ba a aiko ta da direba, ba a ba ɗan'uwa ya kawo. Wanda aka ba shi zai kawo da hannunsa kafin zafi ya tsananta, ya tsaya gaban aji ya faɗi abin da ke ciki, domin babu wani kwafi a duk gundumar.

Kuma bai yi ƙarya ba, babu. In karatu ya iso babin da ya tafi, sai Mushe ya rubuta sunan mai riƙe da shi a allo, ya sa ajin kowa ya rubuta abin da yake zaton ya faru, a tsallaka. Labarin ya zama kamar haƙoran tsoho. Yaran da suka rage suka hana iyayen matafiya sakat. Duk matar da mijinta ya kira a waya, sai ta ƙara masa da cewa 'yan lakwal sun ce ɗansu, misali Habu, ya hanzarta, sun maƙale a babi na tara ba su san ko motar ta tashi ba.

Hindatu ɗiyar Kalla ita ce ta ɗaya a ajin, ita ce kuma mai tambayar nan ta Adarawa. Ubanta manomi ne mai gona a kan dutse, bana bai ɗaure dami goma ba. Ya shirya kai iyalinsa kwarin Karofane ƙwadago a garakar albasa, wato lambunan rani, shi da matarsa Zaliha da Hindatu da ƙananan. Da Mushe ya tare shi a ƙofar masallaci, Kalla ya mayar da hannuwansa baya.

"Mushe, ni ban ɗaukar amanar da ban san ranar mayar da ita ba."

"Ba kai anka ba ba, Malam Kalla. Ita anka ba. Kai shaida kake."

Kalla ya tambaya wane wuri ne na labarin. Mushe ya ce ƙarshensa. Kalla ya yi lissafi, sannan ya tambaya wato mutum arba'in ba za su san yadda aka ƙare ba sai ɗiyarsa ta dawo. Mushe ya ce haka ne. Kalla ya ce wannan zalunci ne, dattawa suka yi dariya, shi ma ya yi ba da son ransa ba. Hindatu ta sa babin cikin zanenta.

Daga Fabrairu suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Habu ya zo daga Abijan, babinsa yana warin busasshen kifi. Wani ya zo daga Agadas da tabon shayi a shafi uku. Kowa ya tsaya gaban aji ya faɗi nasa, ajin ya gwada da abin da ya yi zato, a yi wa wanda ya fi kaucewa dariya. Ƙarshen Maris ya yi, babin ƙarshe bai zo ba. Saura mako ɗaya a rufe karɓar takardun masu jarrabawa a Keita, kuma dole mai jarrabawa ya je da kansa ya sa hannu. In Hindatu ta rasa wannan makon ta rasa shekarar, kuma ɗiyar talaka in ta rasa shekara ɗaya ba a sake ganinta a benci. Wannan ba ya cikin kowane rahoto, amma duk malamin ƙauye ya san shi.

Hutun kwana goma sha biyu ya kama. Mushe ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi ta Buza ya gangara Karofane, yana tambaya garka-garka har ya same su. Abin da ya faru can Zaliha ce ta ba ni, Kalla ya cike mini wuraren da ta yi wa mijinta sassauci.

Kalla bai musa amana ba. Ya ce babin yana nan, Hindatu ta karanta shi har ta haddace. Sai dai shi ma yana da tasa maganar a wuya: ya yi wa mai garka, Alhaji Aliyu, alkawarin mutum uku har a ɗinke buhun ƙarshe, a kan haka aka ba su bukka da hatsin da suka ci wata huɗu. Cirar albasa ta fara, saura kwana goma sha bakwai, daga nan kuma Sakkwato za su wuce har ruwa ya sauka. Ba zai warware alkawari a garin mutane ba. Mushe ya tambaya mutum uku aka ce ko sunaye uku. Kalla ya ce mutum uku. Mushe ya tuɓe rigarsa ta sama ya rataya a kan babur.

Alhaji Aliyu ya kama hannun Mushe ya juya tafin yana dubawa kamar mai sayen tunkiya. "Mushe," ya ce, "albasa ba ta jin Faransanci." Mushe ya ce ba komai, ya saba da aji irin wannan.

Kalla ne abin ya fi yi wa nauyi. Ya ja Mushe gefe ya ce, "Malamin ɗiyata shi duƙa garkar wani madadinta? Mi za ni ce in na koma gida?"

"Ka ce ta ci jarrabawa."

Washegari aka haɗa Hindatu da wata 'yar kasuwa ta ƙauyen aka sa su a mota. Ta sa hannu a Keita saura kwana biyu a rufe, ta sauka wajen gwaggonta, ni kuma Mushe ya aiko mini takarda mai layi biyu cewa hutuna ya ƙare, in cike mata lissafin wata huɗu. Ban tuna an nemi ra'ayina ba.

Wanda bai taɓa cirar albasa a zafin bazara ba yana iya ɗauka aikin lambu ne mai daɗi. Duƙe ake tun fitowar rana, a cire, a karkaɗe, a yanke ganye, a tara, a cika buhu har ya yi tozo. Mutum mai shekara arba'in da huɗu, wanda abu mafi nauyi da ya saba ɗagawa shi ne ƙamus, ranar farko bai yi sulusin aikin mace ɗaya ba. Matan garka suka sa masa suna Amarya, suna tambayarsa ko a kawo masa tabarma. Tafin hannunsa ya tsage, ruwan albasa yana shiga. Zaliha ta ce rana ta uku da ya yi ruku'u sai da Kalla ya taimaka masa ya miƙe. Rana ta goma ya kamo wata tsohuwa mai jika bakwai, matan suka yi masa guɗa.

Da tsakar rana in an fake ƙarƙashin gawo, sai 'yan ƙwadago su ce Amarya ta ba su labari. Ashe Hindatu ta riga ta ba su ƙarshen tun da daɗewa, saboda haka su kaɗai ne a jihar Tawa suka san yadda aka ƙare ba su san yadda aka fara ba. Mushe ya ba su daga farko, da Hausa, babi ɗaya kullum. Wani dattijo daga wajen Madawa ya rantse marubucin ya taɓa ƙwadago a Karofane, in ba haka ba ina ya san mai gona yakan rage lada ranar da ya ga sababbin fuskoki a bakin shinge. Alhaji Aliyu yana zaune nesa kaɗan yana jin su.

Kwana goma sha biyu suka cika, makaranta za ta koma. Kalla ya ce ya tafi, za su ƙarasa. Mushe ya ce buhun ƙarshe aka ce. Ya aika wa direkta saƙo cewa zai makara kwana biyar, ba tare da ya ƙirƙiro rashin lafiya ko rasuwa ba, kamar yadda ƙwararru ke yi.

Ranar Laraba sufeton makarantu ya iso, karo na farko cikin shekara uku. Ya shiga ajin Faransanci ya tarar babu malami, sai wata yarinya mai baƙaƙen farata a gaban allo tana ba mutum talatin da bakwai ƙarshen labari, babu mai motsi. Zan yi masa adalci: ya zauna a bencin baya har ta gama. Sannan ya tambaya ina malamin, aka ce yana cirar albasa. Ya tambaya ina littafin, aka kawo masa cikin kwando. Ya fitar da alƙalami.

Takardar ta ambaci laifi biyu, barin aiki kwana biyar ba izini da lalata kayan gwamnati. Sunan Mushe shi ne na farko a jerin waɗanda za a naɗa direkta shekarar. Aka cire shi, ba a sake mayarwa ba. Yaran da ya koyar sun zama shugabanninsa, biyu daga cikinsu. A watan ne kuma ofis ya lura cewa yaran ƙauyen nan suna dawowa daga cirani fiye da na ko'ina, aka turo mutum ya binciko dalili. Mutumin ya iso bakin gari, ya ga allo, ya juya.

Littafin dai tunda an rubuta ya lalace, babu mai iya sake lalata shi. Mushe ya ci gaba da raba shi kowace kaka, shekara goma sha shida. Hindatu ta ci jarrabawarta, ta wuce Tawa, ta wuce Yamai. Yau tana Madawa tana koya wa masu garaka yadda za su adana albasa kada ta ruɓe, 'ya'yan Alhaji Aliyu suna miƙewa in ta shigo.

Ba duka suka dawo ba. Babi na goma sha bakwai yana hannun Abdulhakim, wanda ya bi yayansa hanyar Libiya shekara goma ke nan, ba a sake jin ko ɗayansu ba. Wani tsohon ɗalibi ya sayo sabon littafin a Yamai ya kawo don a cike gurbin. Mushe, ka karɓa ka gode, ka ajiye a kabad. Ka ce uwar Abdulhakim tana tambayar 'yan makaranta kowace shekara ko har yanzu ana jiran babin ɗanta, kuma ba kai ne za ka sa a ce mata an daina ba.

Kai ne ka gane cewa yaro ba ya dawowa inda ake masa wa'azi, yana dawowa inda ake jiransa da wani abu da shi kaɗai ke riƙe da shi. Kai ne mai hannun alli da ya tsage a garkar wani. Mu da muka yi jami'a tare da kai mun karanta irin waɗannan littattafai mun rubuta sharhi a kansu, mun sami maki, wasunmu har sun sami mota. Kai ka karanta guda ɗaya ka duba tagar ajinka ka ga mutanen da ke ciki suna ɗaura kaya. Ni mutum ne da ba ya yawan mamaki, sana'ar rubutu da na koma ta warkar da ni daga wannan, amma shekara goma sha shida ina juya abin da ka yi ban sami inda zan yi masa dariya ba. Mun gode, Mushe. Allah ya saka maka, ya ba bayanka lafiya. Malamai matasa kuma ba na ce ku yanka littafin gwamnati ba, na ga abin da ke biyo baya. Amma ku duba ajinku ku nemi abin da za ku damƙa wa mai tafiya, wanda zai sa ya san in bai dawo ba akwai wurin da zai zauna a buɗe.

An yi bikin sallamarsa ƙarshen Yuni. An yi jawabai, an ambaci allon ƙarfe sau uku, an ba shi babbar riga. Mako biyu bayan haka takarda ta zo daga ofis: an duba fayil ɗinsa an ga shekarun aikinsa ba su cika ba, akwai giɓin kwana biyar, sai ya cike su kafin a sa hannu a ritayarsa. Makaranta tana hutun damina. Direkta na yanzu, wanda shi ma ya taɓa riƙe babi na huɗu, ya ce ya zauna gida zai rubuta ya zo. Mushe ya ce a'a, lokacin da yake ɗaukar kwanakin ya san yana ɗauka.

Na je ranar Laraba, rana ta uku. Garin babu kowa, ruwa ya sauka da kyau bana, kowa yana gona ana noman farko, lokacin da kwana ɗaya ke raba mai hatsi da mai ciyawa. Na zaci zan same shi shi kaɗai. Tun daga tsakar makaranta na ji muryarsa yana karatu yana fassarawa. A bakin ƙofar aji an jingine hauya. A benci na biyu Kalla ne zaune, gemunsa fari fat, gwiwoyinsa sun tokare tebur, ya ɗora hularsa a gabansa. Tun Litinin yake zuwa ƙarfe bakwai da rabi, ba ya tashi sai an tashi.

Na tambaye shi a hankali abin da ya kawo shi. Ya ce an ce Mushe zai yi kwana biyar a aji, kuma aji ba ya zama aji sai da mutum. Sannan ya ce in ja bakina, sun kai inda motar ta lalace.

Gonarsa tana bayan makarantar, ta taga ana ganinta. Ciyawa ta fara kamo hatsin a tsawo. Na zauna har azahar, ban ga ya dubi tagar ba ko sau ɗaya.